Ya Shigo, Ya Fita

Ranar Talata kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ɗaurin rai da rai da aka yanke wa wani mai walda shekara goma sha tara da suka wuce, ta ba da umarnin a sake shi nan take. Alƙalai uku ne suka zauna, bakinsu kuma ya zo ɗaya. Dalilinsu bai wuce haruffa biyu ba, a wata takarda da 'yan sanda suka ajiye ba su nuna wa lauyansa ba.

Mutumin yana da shekara talatin da ɗaya aka kama shi, yanzu yana da hamsin. A gidansu Auta ake ce masa. An same shi da laifin kashe mai kula da wani siton siminti da ke jikin rumfarsa ta walda, wanda aka tsinci gawarsa wata Asabar da yamma an buge shi da rodi a ƙeya. Ana gobe abin zai faru an ji su suna cacar baki, saboda mai siton ya yanke wayar wutar da Auta ke ja daga bangonsa. Auta bai taɓa musun ya je siton ba. Ya gaya wa kotu cewa wayarsa ya je karɓowa, hannu rabbana, suka sake zage-zage, ya baro mutumin a tsaye. Ya ce ya ji motsi a bayan tarin buhuna, amma bai ga kowa ba.

Shaidar da ta ɗaure shi ta direban motar siton ce, wanda kuma shi ne mijin yayarsa. Direban ya rantse cewa yana zaune cikin motarsa a tsallaken titi, ana ruwan sama, daga nan ya ga komai. Bayaninsa da aka buga da tafireta aka raba wa lauyoyi ya ce: "Wajen ƙarfe biyar mai walda ya shiga da rodi a hannu. Bayan kamar minti goma ya fito da gudu."

A wancan zamanin, yadda ake aiki a ofishin shi ne ɗan sanda ya rubuta maganar mai shaida da hannu yadda ta fito daga bakinsa, mai tafireta ya juye ta, mai shaida ya sa hannu a duka biyun. Ta hannun sai a jefa ta cikin ambulan tare da sauran tarkacen bincike. Doka ta ce dole a sanar da lauyan wanda ake tuhuma abin da ke cikin ambulan ɗin. A jerin da aka ba lauyan Auta, gaban wannan takarda an rubuta "kwafi". Bai nemi ya gani ba.

Bara rufin ɗakin ajiyar 'yan sandan ya yi yoyo, aka kwashe tsofaffin fayil-fayil, wata lauya da ta shekara huɗu tana aika wasiƙu a kan shari'ar ta samu izinin buɗe ambulan ɗin. Rubutun ɗan sandan yana nan da shuɗin biro, da sa hannun direban a ƙasa: "Wajen ƙarfe biyar mai walda ya shigo da rodi a hannu. Bayan kamar minti goma ya fita da gudu."

Lauyan gwamnati ya ce tuntuɓen alƙalami ne. Shugabar alƙalan ta cire tabarau ta dube shi.

"Kana tsaye a cikin ɗakin nan. Idan masinja ya turo ƙofar can daga waje, me ya yi?"

"Ya shigo, ya mai shari'a."

"Idan ya koma fa?"

"Ya fita."

"To a ina mai shaidarka yake tsaye?"

Lauyan ya ce ba shi ya yi shari'ar farko ba.

A rubutaccen hukuncin, kotun ta ce ba aikinta ba ne ta faɗi wanda ya yi kisan, ko inda direban yake a lokacin. Abin da ta gani shi ne an hana wanda ake tuhuma damar yin tambayar da za ta iya rushe shaidar da aka dogara da ita kaɗai. Ɗan sandan da ya yi rubutun ya rasu. Mai tafiretan ba a san inda yake ba. Gwamnati ta ce ba za ta sake gurfanar da Auta ba.

Auta yana da 'ya ɗaya. Tana shekara uku aka tafi da shi. Uwarta ta nemi a raba auren, ta yi wani a wani gari, yarinyar ta zauna a hannun yayarsa, direban ya rene ta. Shi take kira Baba. Yanzu malama ce a wata firamare, kuma ba ta taɓa taka ƙofar gidan yari ba. A kan matakalar kotu lauyar ta miƙa wa Auta kwafin takardun biyu, ta tambaye shi abin da yake so a fara yi.

"So nake 'yata ta karanta," ya ce.

"Ka tuna kotu ba ta ce ba ka yi ba. Ba ta kuma ce direban ne ya yi ba."

"Ina wurin. Na ji."

Daga danginsa yayarsa ce kaɗai ta zo. Tana tsaye a inuwar bango riƙe da leda, ba ta matso ba sai da masu ɗaukar hoto suka watse.

"Sannu, Auta."

"Yawwa, Yaya."

"Ka tsufa."

"Can ma shekaru suna tafiya."

Ta miƙa masa ledar. "Ga riga, ka cire wannan."

"Ta wa ce?"

"Riga ba ta da suna."

"Ta mijinki ce."

"To ka tafi tsirara."

A cikin tasi ta gindaya masa sharaɗi. Gidanta za shi, tunda ba shi da wani, amma takardar da ke aljihunsa ba za ta tsallaka ƙofar falo ba.

"Kin karanta ta, Yaya?"

"Ni ba alƙali ba ce. Abin da na sani, da Inna ta kwanta ciwo shi ya yi ta jigilar asibiti, shi ya ɗauki gawarta. Kai kana ina?"

"Inda ya kai ni."

"Ka ga irinta ko? Tun kana yaro bakinka ke ja maka. Bakin nan ya haɗa ka da mai siton ma."

Direban tasin ya ƙara ƙarar rediyo har suka isa gida.

Mijin yayar ya daina tuƙi tuntuni. Motocin ɗaukar kaya huɗu gare shi yanzu, da gida mai babban ƙyaure. Ɗakin da aka gyara wa Auta yana can baya, kusa da inda ake tara tsofaffin tayoyi. An sa sabuwar katifa da ba a ko cire ledarta ba, da bokiti, da kujerar roba. Ƙofar ɗakin lungu take kallo, ta yadda zai shiga ya fita ba tare da ya ratsa tsakar gida ba. Auta ya duba ƙyauren ɗakin, ya shafa waldar da aka yi masa, ya ce wanda ya yi ta bai iya ba.

Wajen ƙarfe huɗu mai gidan ya dawo. Ya yi ƙiba, yana tafe yana kaɗa makullai. Ya tsaya a bakin ɗakin bai shiga ba.

"A'a, ɗan gwamnati. Sun gaji da ciyar da kai ke nan?"

"Sun ce in koma wajen wanda ya kawo ni."

"Ni ban kai kowa ba. An tambaye ni, na faɗi abin da idona ya gani."

"Daga ina ya gani?"

Direban ya yi dariya, ya juya ga matarsa da ke bayansa. "Kin ji ko? Ko ruwa bai sha ba." Ya dawo kan Auta. "Wata lauya da ba ta da aikin yi ta tono rubutun mamaci, wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, shi ne kake ɗaga hanci. Alƙali ya ce ba ka yi ba? Nuna mini layin."

"Ban ce maka komai ba tukuna. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as."

"A gidana kake tsaye, a rumfar tayoyina. Ka iya bakinka."

Suna cikin haka malamar ta shigo gidan, rungume da littattafan ɗalibai. Doguwa ce kamar ubanta. Ta rusuna wa direban.

"Sannu da gida, Baba."

"Yawwa, 'yar albarka. Ga baƙo an yi."

Ta dubi Auta kamar yadda ake duban mai karatun mita. "Sannu da zuwa."

"Uwata," in ji Auta, domin sunan mahaifiyarsa ya sa mata.

"Malama ake ce mini."

Ta wuce ciki. An aiko masa da abinci a kwano mai murfi, ya ci a kan kujerar roba.

Washegari Laraba ya je makarantar. Maigadi ya hana shi shiga, ya tsaya a jikin katanga daga ƙarfe goma sha biyu har aka tashi yara. Ita ce ta kusan ƙarshen fitowa. Da ta gan shi ta ja shi gefe, bayan wata motar da aka ajiye.

"Kada ka sake zuwa nan. Shekara shida na yi a firamare ana ce mini 'yar mai kisa. A nan ba wanda ya sani."

"Ba zan sake ba."

"To me ya kawo ka?"

Ya ciro takardun biyu. "Aikinki duba rubutu. Duba mini waɗannan kamar na ɗalibi. Ba zan ce komai ba."

"Goggo ta ce kada in taɓa."

"Goggonki ta ce kada su shiga falo. Nan titi ne."

Ta karɓa da yatsu biyu. Ta karanta bugaggiyar, ta karanta ta hannun, ta koma kan ta farko. Sannan ta ɗora su a kan murfin motar, ta zaro jan biro daga jaka, ta zagaye wuri biyu a kowace. Ta daɗe tana kallo.

"Wacce aka fara rubutawa?"

"Ta hannun. Ranar da abin ya faru. Ɗayar bayan kwana biyu."

"Ko da yana ciki, ba shi ke nuna ba kai ba ne."

"Haka ne."

"To me kake so in yi?"

"Ban ce ki yarda da ni ba. Lauyana bai tambaye shi ba don bai sani ba. Alƙalai sun ce ba aikinsu ba ne. Ni na tambaye shi jiya, ya ce in iya bakina. Ke kaɗai kika rage da yake jin kunya."

"Wato ka fito ne ka aike ni."

"Na fito ne don sun buɗe ƙofa."

Ta ninke takardun ta sa a cikin littafin wani ɗalibi. Ta ce ya bari ta yi nisa kafin ya taho.

Da yamma, rana ba ta faɗi ba, ita da kanta ta zo bayan gida ta ce ya zo falo. Direban yana kan doguwar kujera yana cin abinci, talabijin a kunne. Matarsa na gefe tana yanke farce. Da suka ga Auta a bakin ƙofa sai ta ajiye abin yankan.

"Wa ya kira shi?"

"Ni ce, Goggo."

Malamar ta kashe talabijin, ta ture kwanon ruwa, ta shimfiɗa takardar hannun a kan tebur.

"Baba, wannan sa hannunka ne?"

Ya leƙa ba tare da ya daina tauna ba. "Nawa ne. Sai me?"

"Ka sha ba ni labarin nan. Ka ce kana cikin mota, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya."

"Haka aka yi."

"A nan ka ce ya shigo."

"Ɗan sanda ya rubuta, ba ni ba."

"An karanta maka kafin ka sa hannu?"

"Shekara goma sha tara, 'yar nan. Ko abin da na ci shekaranjiya ban riƙe ba. Mutum ya ga gawa, ai bakinsa sai ya harɗe."

"Aji biyu nake koyarwa, Baba. Suna rubuta b a madadin d, suna cin rabin kalma. Ban taɓa samun wanda yake waje ya ce an shigo ba. Nan kuma sau biyu ne, ya shigo, ya fita."

"Ke, tashi daga nan," in ji goggonta. "Ubanki kike yi wa titsiye?"

"Wanne daga ciki?" Auta ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Kai rufe mana baki, tsohon fursuna."

Malamar ba ta dubi ko ɗayansu ba. "Tambaya ɗaya ce, Baba. Ina kake tsaye?"

Direban ya ajiye cokali. Ya goge hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Ranar da kika yi ƙyanda, wa ya goya ki zuwa asibiti? Ranar da yara suka jefe ki a hanya, wa ya je gidajensu ɗaya bayan ɗaya? Wancan da ke tsaye kamar turken wuta?"

"Kai ne. Ban manta ba. Ina kake tsaye?"

"Ina tsaye a inda nake tsaye shekara goma sha tara, a kanki."

"Ba ita na tambaya ba."

"Ita za ki samu." Ya miƙe, ya nuna Auta da makullan mota. "Kwana ɗaya ka yi, ka raba ni da 'yata. Kwashe tsummanka ka bar mini gida kafin in kira waɗanda suka saba da kai."

"Kira su. Su ma suna da tambaya."

"Auta, don girman Allah ka tafi," in ji yayarsa, ba tare da ta ɗago ba. "Da can ma da ba ka nan lafiya muke zaune."

Ba shi da kayan kwashewa. Ya cire rigar da aka ba shi ya ajiye a kan katifa, ya mayar da wadda ya fito da ita daga kotu, ya fita ta ƙofar lungu. Bai kai bakin titi ba ya ji takun mutum. Malamar ce, da jakar tafiya a kafaɗa da littattafan ɗalibanta a hannu. Daga cikin gida ana jin muryar goggonta tana kiranta.

"Uwata," ya ce, ya miƙa hannu zai karɓi jakar.

"Bar ta. Ba wajenka na taho ba." Ta tsaya nesa da shi kamar taku uku. "Shi bai amsa ba. Saura kai."

"Tambayi."

"Takardun nan biyu sun saɓa a wuri biyu. A wuri ɗaya ba su saɓa ba. Duk sun ce da rodi a hannunka. Kai kuma ka ce wa kotu hannu rabbana ka je."

Wata babbar mota ta wuce, suka jira ƙararta ta lafa.

"Na ɗauki rodi," ya ce. "Mai siton ya rataye wayar a saman bango, da shi zan zaƙulo ta. Da zagin ya yi yawa na yar da shi a ƙasa na fita."

"Da gudu?"

"Ruwa ake yi."

"Me ya hana ka faɗa a kotu?"

"Lauyana na farko ya ce idan na ambaci rodi na gama yawo."

"Ita wannan lauyar ta sani?"

"Ba ta tambaya ba."

Malamar ta gyara riƙon littattafan. "Ashe kai ma kana da naka ambulan ɗin."

"Ban taɓa shi ba. Na bar shi a tsaye yana zagin uwata."

"Kowa a gidan nan ya bar shi a tsaye. Shi kaɗai ya kwanta."

Ta tare tasi. Ya tambaye ta inda za ta, ta ce inda ba a rene ta ba kuma ba a haife ta ba. Ta rufe ƙofar da kanta.

Tun ranar Auta yana kwana a ɗakin maigadin ofishin lauyar. Ya gaya mata maganar rodin da safiyar Alhamis. Ta ce hakan bai taɓa hukuncin ba, domin hukuncin a kan abin da gwamnati ta ɓoye ne, amma da ya faɗa mata tun farko da ta fi son sa. Kakakin 'yan sanda ya ce suna nazarin hukuncin kotun, kuma ba su gayyaci kowa ba. Direban ya sa an sauya kwaɗon ɗakin baya, an mayar da tayoyi ciki.

Malamar tana zaune wajen wata abokiyar aikinta. Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta ta je ofishin lauyar, ta wuce ubanta a bakin ƙofa da "sannu", ta nemi a ba ta kwafin shari'ar farko gaba ɗaya, shafi ɗari uku da goma sha biyu. Lauyar ta tambaye ta a madadin wa take nema, domin sai an rubuta a takardar karɓa. Ta ce a rubuta sunanta kawai. Goggonta ta kira ta a waya sau tara, direban sau biyu. Ba ta ɗauka ba, kuma ba ta dawo da fayil ɗin ba tukuna.